Igiyoyi Shida da Na Kai Damazin

Litinin: daga gida zuwa Kamlin

Ƙarfe huɗu da rabi na asuba na fito, ladan bai ko gyara murya ba. Ni da kuka sani, wadda ko kasuwar Kamlin sai sallah ta matso nake leƙawa, ga ni da jaka a hammata zan je neman mutumin da ban san garin da yake kwana ba. Tun da na dawo kuke tambayata ɗaiɗai, to ga labarin daga tushe, kowa ta ji sau ɗaya in huta.

Ɗan farina, mai sunan surukina, wanda bakina bai taɓa kama sunansa ba, shekara shida ya yi yana tsaron gida wa ƙungiyar ƙwallon ƙauyenmu. Da ƙasa ta rikice ya bi samari suka fita, har ya dire Uganda. Can ya tarar da wani wasa wai shi besbol. Ya aiko mini da murya a waya yana bayani: “Inna, ƙwallon ƙarama ce kamar lemo, ga tauri. Wani ya dake ta da kulki, mu kuma mu cafe da safar fata. Kuma komai rubutawa suke. Wadda ka cafe da gidanta a takarda, wadda ka jefa wa ɗan’uwanka da gidanta, wadda ta kuɓuce maka ma da nata. Mutum ya tsufa ya mutu, lissafinsa na nan ana dubawa.”

Na ce wa Malam, mai gidana, “Su can ba su da mala’iku ne, sai sun yi aikin da kansu?”

To akwai wata makaranta a can da ke ɗaukar ’yan wasa, ta ba su ci da kwana da karatu. Mai koyar da shi yana son sa sunansa, amma ba takarda ko ɗaya da ta nuna hannun nan ya taɓa riƙe ƙwallo kafin ya zo. An ce a kawo tarihin wasansa na gida da hatimi, kafin azahar ɗin Alhamis. In ta wuce sai baɗi, shi kuwa a kasuwa yake dako, a rumfar wani yake kwana. Littafin ƙungiya da hatimin suna hannun Ustaz Bashir, malamin firamarenmu, wanda ya tashi da iyalinsa tun lokacin gudu. Wayarsa ba ta shiga. Labarin ƙarshe da aka ji, yana Haj Abdalla.

Malam ba zai iya zuwa ba, makon ne layin ruwa ya zo kan hawasharmu, gonar alkama, in ya kuskure shi shukar ta tafi. Sai ya haɗa ni da ƙanensa Haruna mai albasa, wanda ya san hanya, kuma bai taɓa barina na sha ruwa cikin natsuwa ba tun ranar da aka kawo ni gidan.

“Matata,” in ji shi muna hawa raksha, keke mai ƙafa uku, “yau dai na sace ki. Mi kinka cusa cikin jakar ga haka, turmi?”

“Kisra ce da dabino. Ka kama bakinka.”

Ban faɗa masa abin da ke ƙasan kisrar, wainar dawar nan mai faɗi, ba. Ku ma ba ku sani ba, sai yau. Bayan katangarmu shi ne filin wasa, kun san wannan. Ban taɓa leƙawa ba, ina uwa ina tsayawa kallon ɗan fari. Amma kunne ba shi da ƙyaure. In ya cafe, ina jin wani taf kamar an mari ƙullu a akushi. In ta wuce shi, mutanenmu ne ke fara yin shiru, sannan ihun baƙi ya biyo. Duk ranar da haka ta faru ba ya cin tuwo. Sai na yi wa Allah alkawari, duk wadda ta wuce shi zan ba da kisra ɗaya sadaka, don ta gaba ta zo masa da sauƙi. Don kada in manta nake ƙulla ƙulli a igiyar gado, tsakanin wasa da wasa in ɗaura jan zare. Kowace shekara da igiyarta. Shida ne. Ban ɗauko su don in nuna wa kowa ba, hannuna ne kawai ya ƙi barinsu a gida.

Minti arba’in raksha ta yi da mu a gefen babbar hanyar ruwa, muka shiga tashar Kamlin biyar da kwata.

Kamlin zuwa Madani, zuwa Haj Abdalla

Hafila, ƙaramar bas ɗin nan, ta ƙi cika. Na zauna, na tashi, na sake zama. Na ƙirga kujerun da suka rage ya fi sau goma. Sai bakwai saura minti goma muka tashi. Da na ji kuɗin mota na ce wa direban da Larabci, “Ya zol, bawan Allah, ba motar na zo saye ba.” Ya ce, “Hajja, je ki tambayi mai, shi ya yanka.”

Ya ce zuwa Madani kilomita ɗari ne da ’yan kai. Shinge uku muka tsaya, ɗaya kafin Hasahisa, biyu bayanta. Ko’ina a sauko da maza, a duba takardu, mu mata a leƙo ta taga. A na biyun an ɗauki minti ashirin da biyar saboda wani dattijo da hotonsa ya goge. Ina ta murza bakin mayafi, Haruna yana ta ba ni labarin farashin albasa kamar na tambaye shi.

Goma da kwata muka shiga Madani. Muka ci ful, dafaffen wake, da man riɗi da burodi a bakin tasha, ni dai turawa nake. Sha ɗaya da rabi muka sami wata motar, kilomita hamsin ko kusa, gonaki hagu da dama, wasu kore shar, wasu an bar su ciyawa ta cinye. Ɗaya da rabi muka sauka Haj Abdalla.

Ba sai an nuna mini unguwar Hausawa ba. Daga nesa na ji wata tana yi wa ɗiyarta faɗa da Hausa, na ce wa Haruna mu bi muryar nan. Dije ce mai shayi, mace mai jiki, da murhunta a gindin dalbejiya.

“Ustaz Bashir? Mai tabarau ɗaure da zare? Ai nan yake shan shayinai kullum, ba sukari. Wata biyu ke nan da tashinsu. Ɗiyarshi ta Damazin ta aiko munka raka su mota.”

Na ce, “Damazin ɗin nan nawa ce daga nan?”

“In kun yi sammako, kuma taya ta so ku, ku yi magariba can.”

Na ce wa Haruna mu tashi yanzu. Ya ce motar kudu ba ta tashi da rana tsaka, kuma ba wanda ke bin hanya bayan faɗuwar rana. Dije ta kama hannuna. “’Yar’uwa, zauna. Ko kin tsaya a tsaye gobe ba za ta zo da wuri ba.” A gidanta na kwana, Haruna a masallaci. Ta yi mana asida, tuwon nan, da miyar kuɓewa busasshiya, ta ƙi karɓar komai. Sai da ta tambaye ni sunan yaron don ta sa shi a addu’a, na ce mai sunan surukina. Ta yi dariya ta ce, “Ashe har yanzu akwai irinmu.”

Talata: Sinnar, Sinja, da shingen igiya

Shida daidai muka tashi a bayan boksi, motar ɗaukar kaya, ni da wasu mata uku a kan buhunan gyaɗa. Takwas saura muka shiga Sinnar. Na ga madatsar ruwan da tun ina yarinya ake ba mu labari, amma ban iya tsayawa kallo ba, idona na kan motar Sinja. Tara muka tashi. Da muka zo Maiwurno na ji ana tallar ƙosai da Hausa ta taga, na so in sauka in gaisa da mutane ko na minti biyar, na tuna Alhamis na fasa.

Kafin Sinja aka tsayar da mu, wannan karon aka ce har mata kowa ta sauko da jakarta. Wani soja dogo, da ƙyar ya kai shekarun ɗana, ya ɗaga kisra, ya ɗaga dabino, sai ya zaro igiyoyin. Ya riƙe su da yatsa biyu, nesa da jikinsa. Ƙulli bisa ƙulli, ga jan zare. Matan da ke kusa da ni suka ja baya, wata ta fara karanta Falaƙi a bayyane.

“Hajja, wannan aikin wa aka yi wa?”

Kun san yadda ake kallon ƙulli a igiya. Kuma kun san abin da wasu ke faɗa a kanmu a ƙasar nan in an zo maganar asiri.

“Lissafin sadaka ne,” na ce. “Kowane ƙulli kisra ɗaya. Ban yi boko ba, da igiya nake tunawa.”

“Sadakar me?”

“Ta ɗana.”

“Ya sunansa?”

Na buɗe baki, ya ƙi fita. Wallahi ba gardama nake ba, shekara ashirin da huɗu harshena bai bi ta wurin ba. Sojan ya ɗaure fuska. Sai Haruna ya matso da takardunsa a hannu, ya faɗi sunan, ya ce, “Ranka ya daɗe, ɗan fari ne. Mu a wurinmu uwa ba ta kama sunan. Ko ka sa mata bindiga sai dai ta ce wancan.” Wani babbansu da ke zaune a inuwa ya ɗago kai ya ce kakarsa ma haka take yi da sunan mijinta, a ba tsohuwa kayanta. Sojan ya saka igiyoyin a jaka, ya goge hannu a wando.

Muka koma mota, Haruna na gefena. Can ya ce, “Matata, sadakar mi ce haka da yawa?” Na ce ya ci dabino.

Sha biyu saura muka isa Sinja. Nan waya ta kama, saƙon yaron ya shigo. Na kara a kunne a bayan wata rumfa. “Inna, ku ce wa Ustaz kada ya bar gidan kuskure ba komai. Mai koyar da mu ya ce takardar da ba kuskure a cikinta ba ya ko karantawa, wai ta maƙaryaci ce. Kuma suna son shaidu biyu su yi magana a bidiyo.” Na ce a raina wannan aikin Ustaz ne da Haruna, ni ’yar rakiya ce.

Babbar bas ta tashi ɗaya da minti goma. Direba ya ce ɗari da sittin ne zuwa Damazin, amma hanyar ta fi lissafinta tsawo. Gaskiyarsa. Kwalta nan, rami can. Wajen uku da rabi tayar baya ta fashe a wani fili da ba ko bishiya. Awa ɗaya da kwata muna tsaye. Na yi la’asar, na zagaya bas ɗin, na sake zagayawa, har direban ya ce, “Hajja, ɗawafin ya isa, zo ki riƙe mana wannan ƙarfen.” Na riƙe kuwa. Shida da minti ashirin muka shiga Damazin ana kiran magariba. Wani abokin cinikin Haruna ya sauke mu, matarsa ta ba ni gado da ruwan wanka mai ɗumi, Allah ya saka mata.

Laraba: Rusairis

Tun bakwai muka fara bin masallatai. A na farko ba su san shi ba. A na biyu aka ce wani mai tabarau ya yi sati biyu yana zuwa, ya daina. A na uku wani mai gyaran takalmi ya ce, “Malamin da ke tsayar da yara in suna buga ƙwallo yana gyara musu tsayuwa? Ƙetare yake, Rusairis, bayan kasuwar kifi.” Muka hau raksha muka haye kogi. Ruwan nan ne dai ke wucewa ta Kamlin, amma a nan ya fi faɗi da fushi.

Sha ɗaya da ’yan mintuna muka same shi a ƙofar gidan surukinsa, yana gyara ƙafar tabarau. Ya rame. Ya dube ni ya dube ni, sannan ya ce, “Uwar gola! Ke ce a Rusairis? Wa ya mutu?”

“Ba wanda ya mutu, Ustaz. Littafi muka zo nema.”

Ya shiga ya fito da shi naɗe a tsohon mayafin matarsa, da hatimin a cikin gwangwanin shayi. Ya ce ranar gudu ya bar rediyonsa da katifarsa, wannan ya ɗauka. Aka shimfiɗa mana tabarma, aka kawo jabana, gahawa mai citta. Ya buɗe. Kowane wasa da layinsa: rana, garin da aka kara da su, sai ’yan sanduna a jere, kowace sanda ƙwallon da yaron ya cafe ko ya ture. Shafi bayan shafi. Ban iya karatu sosai ba, amma sanda kowa ya iya ta. Na kau da kai don kada a ga fuskata.

Haruna ya sa masa saƙon ya ji. Ustaz ya cire tabarau.

“Gidan kuskure? Ban da shi.”

“Kamar yaya ba ka da shi?”

“Ban rubuta ba. Ɗan mutane ya tsaya cikin rana kyauta yana tare mana gida, in zauna ina tara abin kunyarshi a littafi? Ranar da munka ci, na rubuta mun ci. Ranar da anka ci mu, ga shi nan.” Ya nuna. A ƙarshen layin an rubuta da Larabci, Allah ya ƙaddara. Ko nawa aka ci babu.

Haruna ya yi dariya har da buga cinya, sannan ya tuna gobe Alhamis ya daina. Ya ce, “To mai sauƙi ne. Mu sa ɗaya nan, biyu can, kaɗan kaɗan yadda zai yi kyau. Wa zai zo daga Uganda ya bincika?”

“Hatimina ba ya hawa kan abin da ban sani ba,” in ji Ustaz. “Shekara talatin ina dukan yara kan satar amsa.”

“To ka tuno mana!”

“Haruna, jiya da ƙyar na tuno inda na aje takalmina.”

Suka yi ta yi. Ni ina zaune, jakata a cinya, na danne ta da hannu biyu. Abin da ke raina shi ne, igiyar shekarar farko da ta biyu ƙulli ne cunkus, lokacin yana yaro, hannunsa bai nuna ba. In na fito da su, ni uwarsa ce na kwashi faɗuwarsa na kai wa baƙi. In mutumin can ya gani ya ce wannan ai rariya ce, wa ya jawo? In kuma na yi shiru, takarda ba ta tafiya, ya ƙara shekara yana dako. Aka kira azahar. Na yi salla a ɗakin ’yar Ustaz, na daɗe a zaune. Da na fito na zazzage jakar a tabarma.

Haruna ya dubi igiyoyin, ya dube ni. “Sadakar ke nan?”

“Ita ce.”

“Kina nufin duk shekarun nan da kike cewa ba ruwanki da wasan banza…”

“Haruna, in ka ƙara magana na mayar da su.”

Ustaz bai yarda nan take ba, kuma ban ga laifinsa ba. Ya ce zai gwada ni da wasannin da ya tuna. Ya buɗe wani shafi a shekara ta uku. “Wasa na biyar, da mutanen gabas da kogi.” Na bi jan zare da yatsa, ɗaya, biyu, har biyar. Na ce, “Uku. Ranar an yi iska, ta ƙarshen ana gab da tashi ta shiga, wani ya fasa gwangwani don haushi.” Ya ce, “Ni ne na fasa.” Ya sake gwada ni sau biyu, sannan ya ja layi da bakin faranti ya buɗe sabon gida a takarda.

Daga biyu da rabi har rana ta yi ja muna abu ɗaya. Shi ya karanta wasa, ni in shafa in faɗa, Haruna ya maimaita da ƙarfi kamar mai shela. Igiyar farko ta yi mini nauyi a baki. Ta uku ta fara sauƙi. A ta biyar sai ka bi jan zare uku a jere ba ƙulli tsakaninsu. Ustaz ya ce, “Kin gani? Wanga shi suke son gani. Ba yawan ba, yadda yake raguwa.” Jimillar tana takarda, kada ku tambaye ni, ba zan faɗa ba.

A igiya ta shida muka sami saɓani. Wasan kusa da na ƙarshe, na ce ɗaya. Ustaz ya ce babu.

“Ɗaya, Ustaz. Na ji shirun, na ji ihun baƙi. Ranar akuyarmu ta haihu, ina gama ƙullawa na ruga wurinta.”

“To shi ya sa! Kin ruga wurin akuya ba ki ji usur ba. Satar gida ce, alƙali ya soke ta. Har aka kusa dambe. Wannan kam na tuna, don ni na riƙe Haruna.”

“Ƙwarai,” in ji Haruna, “rigata ta yage.”

Na dubi ƙullin. Shekara uku ke nan yana cikin kayana, ina ɗora wa yaron abin da bai yi ba. Na sa farce, ya ƙi, ya riga ya kama jikinsa. Na sa haƙori. Da ya warware wurin ya bar lanƙwasa, na yi ta miƙar da shi a gwiwa. Haruna ya ce, “Kisra ɗaya ta tafi a banza.” Ustaz ya ce wanda ya ci ta bai ce haka ba. Ya hura wa hatimi iska, ya buga.

Alhamis: aikawa

Shida da rabi muna ƙofar wani shago a kasuwar Damazin inda ake sayar da intanet da awa. Mun tarar da mutum goma sha ɗaya a gabanmu. Takwas aka buɗe. Tara wuta ta ɗauke, aka tafi neman mai na janareta. Na tambayi Haruna ƙarfe nawa har ya cire agogon ya ba ni. Goma da minti biyar layi ya zo kanmu. Mai shagon ya ɗauki hoton shafukan ɗaya bayan ɗaya, har da igiyoyin a shimfiɗe a kan tebur, Ustaz ya ce a haɗa.

Saura bidiyo. Ustaz ya gyara hula ya yi nasa tsaf, ya faɗi sunansa da na yaron, ya ce shi ya rubuta waɗanda aka cafe. Na tura Haruna gaba. Ustaz ya ce, “A’a. Shaida na biyu shi ne wanda ya ƙirga kuskuren. Haruna mi ya ƙirga?”

“Albasa,” in ji mai shagon, mutanen layi suka kwashe da dariya.

Aka juyo da wayar kaina. Na faɗi sunana. Na ce ni na ƙulla igiyoyin nan da hannuna, daga bayan katanga, kuma ɗaya na kwance jiya don ba ta shiga ba. Mai shagon ya ce, “Sunan ɗan wasan, Hajja.” Na ce mai sunan surukina. Ya ce ba za su gane ba a can. Wani daga baya ya ce a yi sauri. Na dubi agogon Haruna a hannuna, goma da rabi ta gota. Haruna ya matso, ba wasa a muryarsa ko kaɗan, ya ce, “Yaya, Baba ba zai yi fushi ba. Faɗi.”

Na ce, “Idrisu. Idrisu ɗana.”

Sha ɗaya saura minti ashirin saƙon ya tafi. Na fita waje na zauna a kan wani bulo.

Komawa

Ustaz ya raka mu tasha, ya ce in gaida filin. Sha ɗaya da rabi bas ta tashi, taya ba ta fashe ba, muka kwana Sinnar gidan wata ’yar’uwar Dije. Juma’a shida muka kama hanya. Na yi ta duba waya, ba komai. Haj Abdalla ba komai, sai dai na miƙa wa Dije kifi busasshe ta taga. Muna shiga Madani, goma saura, ta yi ƙara.

Saƙon murya ne daga yaron, ya ce an karɓi takardar, an sa sunansa cikin waɗanda za a gwada wata mai zuwa, kuma tun yanzu an ba shi gado a makarantar. Ya ce mai koyar da su ya daɗe yana kallon hoton igiyoyin, ya kira sauran ya nuna musu. Ina jin numfashinsa da hayaniyar motocin garinsu. Sai ya ce, “Inna, ashe kina ji.” Na saurara sau huɗu kafin Hasahisa.

La’asar sakaliya raksha ta sauke mu a ƙofar gida. Malam ya shayar da alkama, ruwa ya kai har kusurwar da ke ba shi wahala. Godiya ta tabbata ga Allah da ya kai mu ya dawo da mu. Na gode wa Dije, da masu masaukinmu na Damazin da Sinnar, da Ustaz Bashir da ya bar katifa ya ɗauki littafi. Haruna ma na gode masa, amma kada wadda ta gaya masa.

Gwajin bai zo ba tukuna, don haka ku ci gaba da addu’a, ni ma ban zauna ba. Jiya na aika masa da murya na ce su can su yi ta rubuta waɗanda ya cafe, aikinsu ne. Waɗanda suka kuɓuce masa kuwa ya riƙa gaya mini duk Juma’a, kada ya rage ko ɗaya. Na riga na yanko igiya ta bakwai.